Mulkin Kai a Aji Huɗu

Cikin duk shekarun da na yi da alli a hannu, ranar da ta ƙi fita raina ita ce ranar da mai duba makarantu ya zo mana wata ƙaramar firamare a bayan Zuba, shekarar da Arewa ta sami mulkin kai. Ku da kuka tarar da tituna da fitilu, ku sani a lokacin in an ce Abuja, garin da yanzu ake kira Suleja ake nufi. Nan da kuke zaune gonakin doya ne da duwatsu.

Makarantar ɗaki biyu ce. Hedimasta, Malam Dauda, yana riƙe da aji ɗaya da biyu, ni ina da uku da huɗu. Kusan duk yaran Gwarawa ne, ko Gbagyi yadda suke kiran kansu, Hausa kuwa a kasuwa da makaranta suka tsince ta. Ni kafin in shiga koyarwa na bi mahaifina fataucin goro har Ikko ta bakin teku da Kumasi, na ji Yarabanci da Nufanci, a nan kuma na koyi harshen iyayen yarana.

A tsarin wancan lokaci, yaro in ya gama aji huɗu sai an zaɓe shi kafin ya wuce babbar firamare ta kwana a cikin gari. Mu gurbi ɗaya ake ba mu a shekara. Mai duba shi ke yi wa yara tambayar baka, ya rubuta sunan wanda ya ga dama, sauran su koma gona. A shekarar kowa ya san gurbin na Laraba ne, wata 'yar siririyar yarinya da ba ta barin magana ta wuce ta sai ta juya ta. Sau uku Malam Dauda ya taka har gona kafin ubanta ya yarda ta tafi.

Da damina aka aiko mana takarda daga lardi mai tambayoyi da amsoshinsu: su wa suka yi mulki kafin Turawa, mece ce majalisa, yaya ake jefa ƙuri'a, mene ne mulkin kai. Amsar ta ƙarshe ita ce, "Mulkin kai shi ne 'yan ƙasa su gudanar da al'amuransu bisa tsarin doka." Malam Dauda ya ce in sa su haddace kamar lissafi, in tsaya nan. Ni mai ganin na zaga duniya ban tsaya ba. Bayan hadda sai in ce kowa ya faɗa mini yadda ya gane, da bakinsa.

Mai duban da aka turo matashi ne, ya taɓa yin 'yan watanni a Ingila ya dawo da tabarau da lofe. Na ga ma'aikata a ƙasashe uku, ban taɓa ganin wanda ƙaramin kwas ya yi wa nauyi irin wannan ba. Mota ta ajiye shi a bakin hanya, matan ƙauyen suka kwaso masa akwati da gadon tafiya da kujerar zama, yana biye da su da lema. A kafaɗa suka ɗauko kayan, don Gwari ba ya ɗora kaya a ka. A wurinsu kai shi ne sarkin jiki, tunanin da yake ɗauke da shi ya ishe shi. Mutumin ya tambayi Malam Dauda me ya hana matan nan su ɗauki kaya kamar mutane, bai kuma tsaya jin amsa ba.

Ya fara da wani yaro, Bala, wanda ya zubo amsoshin takarda ba tare da ya numfasa ba. Da aka zo kan Laraba, ita ma ta kawo haddar tsaf. Sai mai duba ya cire lofe daga baki, ya ce shi ba ya son karatun aku, a Ingila ba haka ake yi ba, ta faɗa masa da bakinta.

Ta dube ni. Na gyaɗa mata kai, kuma wannan gyaɗawar har yau tana damuna.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, mulkin kai shi ne kai ya zama sarki, ba ya ɗauka kaya. Kafaɗa shi ne yake ɗauka."

Ya yi dariya har tabarau ya zame. Abin da ya fara gyarawa shi ne, kafaɗa ita ce, ba shi ne ba. Ya sa ta maimaita sau uku. Sannan don ya ƙara nishaɗi ya kira Laraba malama, ya ce ko tana da tambaya.

Ta ce, "Ina da shi. In an yi mulkin kai ɗin, su wa ne kafaɗa?"

Dariyarsa ta ɗauke. Ya juyo ya tambaye ni wace jam'iyya nake yi wa aiki, tunda wannan ba maganar yara ba ce. Malam Dauda ya rantse masa cewa ban san komai ba sai alli.

Da aka tashi tara na same shi a gindin ɗorawa yana rubutu. Na yi masa bayanin al'adar, na ce yarinyar ta ji kalmar kai ne ta fassara ta da abin da ta sani, kuma fassarar ba ta kauce ba. Ya ce shi bai zo sauraron gwaranci ba. Da na yi shiru a nan, na bar Malam Dauda ya lallaɓa shi da fura da kaji kamar yadda ya saba da irinsu, mai yiwuwa da an gyara. Amma raina ya riga ya ɓaci. Na ce, "Ranka ya daɗe, to kai faɗa mana da bakinka, ban da abin da ke takarda, don gobe in koya musu daidai."

Ya buɗe baki. Ya fara da Hausa, ya kai ga "wato 'yan ƙasa su gudanar", ya ga takarda yake bi, ya tsallaka Turanci. Can ma bai yi nisa ba. Ya mayar da lofe bakinsa, lofen da ya mutu tun a aji, ya yi ta zuƙa. Yaran aji uku suna leƙe ta taga.

Na ji daɗi, ban ɓoye muku ba. Daɗin bai kai la'asar ba. Kafin ya tafi ya rubuta sunan Bala. Game da Laraba ya rubuta cewa ba ta fahimci darasi ba kuma Hausarta ba ta nuna ba. Ni kuma ya ce ina cusa wa yara siyasa. Malam Dauda bai yi mini faɗa ba. Ya dai ce tunda ni na iya harshensu, ni zan je gona in gaya wa ubanta. Na je. Tsohon ya saurare ni har ƙarshe, ya tambaya ko ƙarya ta yi. Na ce a'a. Ya ce to shi ke nan, ya ci gaba da noma. Kafin kaka aka mayar da ni wata makaranta can wajen Abaji, Laraba kuwa karatunta a aji huɗu ya tsaya.

Daga baya na koyar da wannan darasi a garuruwa da yawa, na kuma zauna da manyan da ke rubuta mana takardun. Abin da na gane game da aikinmu shi ne, yawancin masu cewa yaro ya faɗi da bakinsa, bakinsu suke son ji. Mutum ne zai raina yaro don ya ce shi a inda ake cewa ita, alhali shi kansa in aka ɗauke masa takarda sai ya koma bebe. Irinsu ba su ƙare ba, wasu ma da mota biyu suke zuwa yanzu.

Ku matasan malamai, ban ce ku hana yara tunani ba. Amma in kun gyaɗa wa yaro kai ya yi magana gaban irin wannan mutum, ku san kun ɗauki amana, kuma ranar ba ranar nuna kun fi shi ilimi ba ce. Ni na ci gardama a gindin ɗorawa, yarinyar ce ta biya.