Awon Ƙafar Mai Takaba

Shekara talatin da biyar na yi ina aikin koyarwa, goma sha biyu na ƙarshe a kujerar hedimasta, kuma a duk tsawon wannan lokaci mutum guda ne ya ɗinka takalman da na taka. Ibo ne, Kirista, wanda ya koyo sana'arsa a Aba, ya zo Jimeta yana saurayi, ya kama shago a bayan kasuwa. Yara suna ce masa shumeka. Ni Oga nake kiransa, shi kuma ya ce mini Baba Hedimasta, ko da yake shekara huɗu kacal na girme shi.

Yana da ƙa'idar da ba ya karyawa: ba ya ɗaukar awo da safe. Cewa yake ƙafa kumbura take yi da yini, wanda aka auna da hantsi zai zagi mai ɗinki da la'asar. Sai ka taka takardar buhun siminti, kana tsaye, ya zagaye ƙafarka da fensir, ya ɗaura zare a wurare uku, ya rubuta abin da ya samu. Takalmin da ya fito daga wannan awo yakan kai ni shekara shida, in an sake masa ƙasa sau ɗaya.

Kayan Chaina a hankali suka shigo mana. Da fari fitilu ne masu batir, da makullai, da kofuna. Daga nan sai atamfa mai kama da ta Kaduna, har mata su rantse ita ce. Daga bisani takalma suka iso cikin manyan buhuna, masu sheƙi, kuɗin guda ɗaya na Oga zai sayi takwas. Malaman da ke ƙarƙashina suka daina zuwa wurinsa ɗaya bayan ɗaya, ban kuma iya ganin laifinsu a fili ba, domin na san albashinsu. Masu ɗinki tara ne a layin nan sa'ad da na san shi. Wasu suka koma sayar da abin da ya kashe musu sana'a, wasu suka kama tuƙin keke mai ƙafa uku, har ya rage daga Oga sai wani tsoho mai facin silifas. Ni kuwa na riƙe matsayina. A taron 'yan fansho na sha miƙewa in yi jawabi a kan ƙasar da take sayar da fatarta ɗanya, ta sayo roba daga ƙetaren teku ta sa a ƙafa. Akan tafa mini, mafi yawan masu tafin kuwa robar ce a ƙafarsu.

A shekarar da Mubi ta faɗa hannun 'yan tada ƙayar baya, gidana na unguwar Makama a Yola ya cika da mutum ashirin da uku ban da iyalina. Cikinsu akwai yayata, wadda duk gidan muke kira Adda. Kwana tara ta yi a hanya. Mijinta ya rasu a daji kusa da iyaka, aka rufe shi a can. Ita kuma ƙaya ta huda mata ƙafar hagu, ciwon ya ruɓe, sai da aka cire mata yatsu biyu a asibiti, ƙafar ta warke da faɗi da tudu a sama.

A makon da aka sallamo ta daga asibiti ne na je Jimeta, na tarar Oga ya sayar da keken ɗinkinsa ɗaya, saura ɗaya.

"Baba Hedimasta, in na tafi Kirsimeti bana, ba na dawowa," in ji shi. "'Yan'uwa na kira kullum, su ce me kake jira a can. Aiki babu, kwanciyar hankali babu. Wata biyu, takalmi uku na ɗinka, biyu naka ne."

Na koma gida da wannan magana a raina. Na yanke shawarar da na ɗauka hikima ce: baƙina duk sun zo babu takalmi, ko da ragowar silifas ɗaure da igiya. Zan sa Oga ya ɗinka wa kowa na fata. Aikin zai riƙe shi wata biyu, kafin nan Allah ya kawo wani abu.

A wurinmu, in za a sayo wa mutum takalmi ba tare da shi ba, tsinken tsintsiya ake karyawa daidai tsawon ƙafarsa. Haka iyayenmu suka yi mana kowace Sallah. Na sa uwargida ta bi kowa ta karya, na naɗe kowane tsinke da 'yar takarda, na rubuta mai shi da kyakkyawan rubutu, na ɗaure su dami guda, na kai Jimeta.

Oga ya dubi damin, ya dube ni.

"Shara ka zo yi mini?"

"Awo ne. Mutum ashirin da uku. Duka na fata nake so."

Ya zare tsinke ɗaya wanda bai kai tsawon tafin hannunsa ba, ya ɗaga sama. "Wannan shekara nawa?"

"Huɗu."

"Fata? Yaro da zai shiga kwata gobe da safe? Abeg, Baba Hedimasta. Ba takalmi ka zo saya ba, tausayi ka kawo mini. Ni ba na ɗinka tausayi. Mutanen nan yau suke bukata, ni kuma sai na yi wata biyu. Tashi mu je."

Ya rufe shagonsa, ya kai ni da kansa wurin wani maƙwabcinsa wanda ya bar basilla ya koma sayar da na Chaina. Ya tsuguna gaban buhu, yana ɗora kowane tsinke a cikin silifas, yana lanƙwasa robar ya ji ƙwarinta, yana jefar da wanda bai gamsar da shi ba. Shi ya yi cinikin, har suka yi faɗa da yarensu. Kafin magariba kowa a gidana yana da abin takawa. Dole in rubuta gaskiya a nan: na tsaya a tsakar gida na ga yara suna tsalle da sababbin silifas, na san cewa da arhar nan ba ta zo ba, da rabinsu sun kwana da ƙafa tsirara. A jawabaina ban taɓa saka mutumin da ya baro gidansa da rigar jikinsa ba.

Adda kaɗai ce abin ya ƙi. Na dama ya shiga, na hagu ya tsaya a rabin ƙafa. Na koma na canjo babba, na hagu ya goge mata tabon har ya yi jini, na dama kuma yana sulluɓewa. Sau uku ina zuwa Jimeta. Ta koma ɗaure ƙafar da leda in za ta kewaya.

"Malam," ta ce mini, "shekara talatin kana koya wa 'ya'yan mutane awo, ƙafa ɗaya ta gagare ka."

Na kai wa Oga ƙara. Ya ce, "Tsinke tsawo kawai ya sani. Bai san faɗi ba, bai san tudu ba. Kawo ta in gani."

"Ba ta fita. Takaba take yi, wata huɗu da kwana goma. Kuma ba zai yiwu namiji baƙo ya kama mata ƙafa ba."

Ya juya fensir a hannunsa. "Mu ma mace na zama gida in miji ya mutu. To, mace fa? Mace za ta iya shiga?"

"Za ta iya."

"Madam, matata, za ta je."

Washegari bayan la'asar suka zo, shi da matarsa, wadda ta fi shi iya Fulatanci nesa ba kusa ba, don da matan Yola take cinikin manja. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure. Madam ta shige ciki da takardar siminti da fensir da zare, uwargida ta tsaya a ƙofar tsakiya tana kai magana tana kawowa.

"Ta tashi tsaye! Kar ta zauna!" Oga ya ɗaga murya.

Muka jiyo Adda daga ciki: "Ku gaya masa na yi kwana tara a tsaye, ya ishe ni."

"Ki ce Mama ta yi haƙuri, minti biyu. Madam, fensir a miƙe, kar ki kwantar da shi!"

"Shekara talatin ina kallon ka kana yi," Madam ta amsa, "kai ne za ka koya mini riƙon fensir?"

Da ta fito da takardar idanunta sun yi ja. Oga ya shimfiɗa zanen a kan gwiwarsa, ya daɗe yana dubawa. Sau biyu ya mayar da ita ciki: ta auna tsayin tudun, ta kuma danna a hankali ta gano daidai inda ke zafi, ta sa alama.

Kwana shida ya yi. Ya sassaƙa sabuwar ƙafar katako, irin wadda ake ɗinka takalmi a kanta, don ta hagu kawai, ya nemo fatar akuya mai laushi, ya yi maɗauri biyu masu buɗewa gaba ɗaya, ya rarake wurin tabon ya cika shi da soso. Ranar da aka kawo, Adda ta sa, ta miƙe, ta ratsa tsakar gida har bakin rijiya ta dawo ba tare da dafa kowa ba.

"Ku ce da mijin Madam Allah ya yi masa albarka," in ji ta. "Amma na dama ya fi kyau."

Akwai wata ma'aikaciyar jinya, 'yar Numan, da ke zuwa duba ƙafar. Ta ɗauki takalmin ta juya shi, ta zura hannu ciki, ta tambayi wanda ya yi. Ban san abin da ta faɗa a asibiti ba. Abin da na sani shi ne, bayan mako biyu na tarar da mutum uku a bencin Oga: wani dattijo mai ciwon sukari, wata mata da shan inna ya gajarta mata ƙafa, da wani da ya tsira daga harin da aka kai ƙauyensu da rabin diddige. Babu masana'antar da ta san da irin waɗannan ƙafafu.

"Ka ga abin da ka jawo mini?" Oga ya ce, bakinsa cike da ƙananan ƙusoshi. "Ina shirin tafiya, ka tara mini aiki."

Ya tafi Kirsimeti kamar yadda ya faɗa, bai yi mini alkawarin komai ba, ni ma ban roƙe shi ba. A mako na biyu na Janairu na hau keke mai ƙafa uku zuwa Jimeta, ina gaya wa kaina magani zan saya. Tun daga kwanar layin na jiyo ƙarar keken ɗinki.

"Awon mutum goma sha ɗaya na bari," ya ce, bai ɗago ba. "In ban dawo ba wa zai yi?"

Yau shagon kashi biyu ne. A gaba Madam tana sayar da silifas na Chaina, kuma a wurinta nake saya wa jikokina. A baya Oga yake, da tabarau mai kauri. Gam ɗin da yake amfani da shi, da zaren, har allurar kekensa, duk daga Chaina suke zuwa, yakan nuna mini rubutun kwalin yana dariya. Layin bai farfaɗo ba, kuma cikin 'ya'yansa babu wanda ya ɗauki sana'ar. Ban san wanda zai auna irin ƙafar Adda bayansa ba. Ita dai ta taka uku daga hannunsa kafin Allah ya karɓi abarsa, kuma har ƙarshe da ƙafarta take zuwa gaisuwa da barka. Ina gode wa Allah da ya haɗa ni da wannan mutum, ina kuma gode masa shi da matarsa.

Kowace shekara in Disamba ta kama sai ya sanar da ni cewa wannan tafiyar ita ce ta ƙarshe. Bana ma ya faɗa. Na yi masa addu'ar sauka lafiya, na miƙa masa takalmina na Juma'a, na ce a sake masa ƙasa, zan karɓa a Janairu. Ya juya shi ya duba diddigen, ya yi tsaki, ya ɗora shi a kan kanta.