Hammadu Kuku da Kartar da Ba a Sosa Kunne

Hammadu Dankure maƙwabcina ne a Argungu. Shekara goma sha ɗaya ya yi shina yi ma wasu malamai 'yan Indiya girki a Birnin Kebbi, lokacin muna cikin Jihar Sakkwato. Su uku ne, kartar da suke so kuwa, wadda ake ce ma birij, sai da mutum huɗu, biyu-biyu. To sai sunka zaunar da kuku. Nan ya iya ta.

Da za su koma gida sunka bar mai kartar da wata mujalla. Cikinta akwai hoton samari, kowace ƙasa da nata, suna gasar birij. Hammadu ya dawo Argungu da hoton nan a ransa. Matarsa Kulu ta rasu, ɗiyansa mata suna gidajen aure. Abin da yake so kawai samari huɗu da za su iya wasan, ko wata rana a ce ga na Argungu.

Ya same su bayan an cire albasa: Tamba, Sama'ila, Hodi da Abdussamadu. Kullum bayan la'asar suna zaurensa. Wata biyu shina koya musu, kuma kansu na ja.

Sai dai kartar garinmu da ido ake yin ta. Ka sosa kunne, ka yi tari, abokinka ya gane abin da ke hannunka. Wanda ya fi iya wannan shi ne gwani. Birij kuwa ta hana.

Ran nan Tamba ya gyara hula, Hodi ya jefa daidai abin da ake so. Hammadu ya kife kartarsa.

"Tamba, mi hularka ta ce ma Hodi?"

"Ƙaiƙayi ne, Baba."

"Sau uku ke nan ƙaiƙayin nan, kuma duk kun ci."

Sunka fashe da dariya. Sama'ila ya ce, "Haba Baba, karta ba ido ba tari, ai zaman makoki ne. Ka bar muna ko hular."

"Can waje in kunka yi haka korar ku za a yi."

"Wa zai kai mu waje? Ko Sakkwato sai albasa ta kai mu."

Hammadu ya zo mani da maganar. Ya ce ya san in ya ƙyale hular za su zauna. Na ce to ƙyale mana, zaure ya samu mutane. Ya ce in ya ƙyale, to ba birij ba ce kuma.

Washegari ya faɗa musu ba zai ƙyale hular ba. Uku sunka daina zuwa. Abdussamadu ya ƙara kwana biyu don kunya, sannan shi ma ya daina. Sunka koma gindin dirimi bakin hanya suna irin tasu.

Daga nan in na leƙa zauren Hammadu bayan la'asar, sai in iske ya raba karta kashi huɗu bisa tabarma, shi zauna nan shi jefa, shi tashi shi koma can. Ya ce mani abin da ke ba shi wuya shi ne mantawa da abin da ya gani a hannun da ya baro. Haka ya yi shekara shida, har gwiwa ta hana shi zagayawa.