Kifin Motar Man-bok

Pyo Man-bok mai wanki da guga ne a wani lungu na birnin Incheon, bayan tashar jirgin ƙasa. Ya kusa shekara talatin yana goge kayan masu zuwa wurare, shi kuwa iyakar yawonsa daga shago zuwa ƙofar masu kaya, a wata farar mota mai rufi da ta tsufa har tana tari da safe. Gajere ne mai tumbi, ga sanƙo, ga son tsara abu. Ko kasuwa za shi sai ya zana hanya.

Bana ya ɗauko babban aiki: zai kai mahaifiyarsa dutsen Seorak cikin tsakiyar sanyi. Tsohuwar ta haura tamanin. Da tana amarya, mijinta ya ɗauke ta za su can, dusar ƙanƙara ta toshe hanya a garin Inje, suka juyo. Ya ce mata baɗi. Haka baɗin ta yi ta zuwa tana wucewa har ya rasu. Yanzu gwiwoyinta sun fara ƙin hawa ko matakala, likita kuma ya gaya wa Man-bok a ɓoye cewa in da tafiyar da za a yi, a yi ta bana.

Sai Man-bok ya duƙufa. Ya sa tayoyin sanyi. Ya sayo sarƙar taya, ya yi ta gwajin ɗaurawa a gaban shago har mai sayar da 'ya'yan itace na maƙwabta ya fara tambayarsa ko motar ce ta yi laifi. Ya kama ɗaki mai ɗumin ƙasa a Sokcho, garin da ke kusa da dutsen. Ya san duk wurin hutawar da ke da banɗaki marar matakala. Ya tanadi bargo, da shebur, da butar shayi.

Abu ɗaya ne bai shiga tsarinsa ba, kifin motar.

Ranar da aka sayo motar, tsohuwa ce ta yi mata abin da ake yi wa mota a al'ada in an sayo ta. Ta zuba giyar shinkafa a kowace taya, ta sa Man-bok ya durƙusa, ta naɗe busasshen kifin da ake kira bugo da farin zare ta rataye a bayan motar. Kifi ba ya rufe ido, shi ke tsaron hanya. Tun daga nan ba ta taɓa shiga motar ba sai ta leƙa ta gan shi. In ba shi, ko asibiti ne, gwamma ta bi bas.

Da Man-bok ya zo gyara bayan motar don bargo da shebur su samu wuri, ya ga zaren ya yi baƙi ƙirin da maiƙo. Mai wanki ba ya iya ganin datti ya wuce. Ya warware zaren ya jefar, ya shiga da kifin gida ya ajiye a teburin kicin, da niyyar gobe ya sayo sabon zare. Da yamma abokai suka ja shi shan giyar soju, don murnar tafiya.

Washegari ya tashi da kai kamar ana daka a ciki. Matarsa Sun-ye ta ajiye masa romo mai zafi irin na wartsake wanda ya sha giya, da awara da ƙwai da man riɗi. Ya sha kwano biyu, zufa ta karyo masa, ido ya buɗe.

"Maman Da-som, wannan romon ya dawo da ni duniya."

"Ai na ce mutumin nan ya fara hankali. Ka san za ka sha, ka sayo kifin romonka tun da rana. Sai dai an cuce ka, tauri kamar tafin takalmi. Sai da na jibge shi har kafaɗata ta yi ciwo."

Man-bok ya ajiye cokali a hankali. Ya kalli teburin kicin. Ya kalli kwanon.

"Wane kifi?"

"Wanda ka ajiye mana."

"Na mota ne."

Sun-ye ta zauna. Ta kalli tukunya ta ce, "Ni dai ɗanɗanawa kawai na yi. Kai ne ka yi ƙari."

Kwana biyu ya rage a tafi. Man-bok ya san uwarsa: in ta ji cewa an dafa mai tsaron motar, ana gab da bin hanyar da ta taɓa mayar da ita gida, za ta ce alama ce, ta cire safarta ta kwanta, shi ke nan. Ya garzaya kasuwa ya zaɓo kifi mai girman wancan. Amma sabon yana sheƙi, ƙamshinsa na tashi. Sai ya koma ga sana'arsa. Ya shafa masa ruwan shayi, ya shimfiɗa ƙyalle a kai, ya bi shi da dutsen guga gaba da baya har ya yi duhu. Ranar duk rigar da ta fita daga shagon sai da ta yi ƙarnin teku. Ya naɗa sabon zare, ya goga shi a jikin taya don ya tsufa, ya rataye.

Ranar tafiya da hantsi tsohuwa ta fito cikin jar rigar sanyi, da sandarta, ta sha hula har gira. Ta zagaya bayan motar. Man-bok ya buɗe mata.

Ta leƙa. Ta matso da hanci.

"Man-bok."

"Na'am, Iya."

"Wa ya yi wa kifin nan guga?"

Sun-ye ta shiga gyaran bargon da babu abin da ya same shi.

"Har da kari a bayansa kamar wandon ango. Ina nawa?"

Man-bok ya so ya yi ƙarya, amma mutumin da ya kusa sittin ba ya iya yi wa uwarsa ƙarya tana riƙe da sanda. Ya faɗa mata duka, tun daga baƙin zare har kwano na biyu. Sun-ye ta sunkuya ta ce, "Laifina ne, Iya, ban duba ba."

"Ke yi shiru, 'yata. Kin ga kifi tsirara a kicin, me za ki yi da shi, ki gaishe shi?"

Tsohuwa ta tsaya tana kallon ƙasa. Man-bok ya ga ta juya fuska wajen ƙofar gida. Ya tuna ɗakin Sokcho, ya tuna maganar likita.

"Har kan ka cinye?" ta tambaya.

"Kan ma yana ciki, Iya."

"Da idon?"

"Ina jin haka."

"Miƙo hannunka."

Ta ciro kifin gugar, ta warware zaren, ta miƙa wa Sun-ye kifin ta ce a ajiye don romon gobe, tunda gidan ya saba. Sannan ta kama wuyan hannun ɗanta ta naɗa zaren, ta ƙulle da haƙori.

"Shekara goma da 'yan kai yana bayan mota yana kallon inda muka baro. Yau ya dawo gaba, kan kujerar direba. Yana cikinka, kai ne kifin. In na ga ka lumshe ido a hanya, da sandar nan zan buɗe maka shi."

Ta miƙa wa Sun-ye hannu aka taimaka mata ta hau, ta zauna a gaba, ta ɗaura bel da kanta.

Man-bok ya tsaya a bayan motar ya sauke wani dogon numfashi, tururinsa ya tashi kamar na dutsen guga. Mai 'ya'yan itace ya leƙo daga shagonsa ya ga zaren.

"Maigida Pyo, me ya samu hannunka?"

"Aiki na samu," in ji Man-bok, ya shiga ya tayar da mota.

Bayan sun wuce Inje, hanyar a share take tas, dusar ƙanƙara ta taru fari fat a gefe. Suka fara wuce rumfunan katako inda aka shanya kifi dubbai a sanyi, kowanne baki buɗe. Sun-ye ta ce daga kujerar baya, "Baban Da-som, ga danginka, ba za ka tsaya ku gaisa ba?"

"A dawowa," in ji tsohuwa, idonta na kan dutsen da ya fara bayyana a gabansu. "Kai dai kalli hanya."