Tudun Kawu Manu

Duk wanda ya san Kawu Manu, ƙanen mahaifiyata, ya san ba ya wuce tudu bai hau ba. Suri ne, tarin ɓuntun shinkafa ne a bakin inji, ko yashin da wani ya sauke zai yi gini, sai ya naɗe ƙafar wando ya haye, ya kare ido da hannu, ya ce, "Af! Daga nan kuwa ana ganin duniya!" Alhali Haɗeja, kun sani, shimfiɗe take kamar faifai.

Tudunsa na gaske yana can bayan Baturiya, inda ya yi kiwo yana saurayi. Ya rantse duk jihar Jigawa babu inda ya kai shi tsawo. Lokacin ina kwaleji, ba ni da aboki sai littafi, shi ya sa yake kirana Malam Shiru. Sai da na tara ƙarfin hali sannan na kai masa littafin labarin ƙasa.

"Kawu, a nan an ce duwatsun wajen Dutse sun fi shi."

"Ambaliya ta taɓa zuwa can ta gwada su?"

"A'a."

"To, nawa ta gwada! Shekarar babban ruwa ta kewaye shi, da mu da shanu muna sama, ta gaji ta koma. Naka wa ya gwada? Mai biro?"

Na rufe littafina.

Duk rani sai ya yi shela a majalisar mai shayi: ran Juma'a bayan masallaci za a tafi hawan tudu, a kwana can, a dawo Lahadi. Kowa ya ce, "In sha Allahu, Manu." Ranar tafiya kuwa surukin kowa ba shi da lafiya. Haka zai ɗauki kofunan shayin da ya tanadar musu duka ya tafi shi kaɗai, wai ko wani zai biyo baya.

Wata shekara ina gefe ina karatu, ya yi shelar, Alhaji Bukar mai goro ya ce, "Manu, in ka kai sama ka leƙo mana Makka!" Aka kwashe da dariya. Kawu ma ya yi, amma tasa ta riga ta kowa ƙarewa. Ban san lokacin da na ce, "Zan je," ba.

"Kai!" in ji Alhaji Bukar. "Ashe yaron nan yana magana!"

Muka shiga mota, muka shiga kwalekwale, sauran a ƙafa. Tantinmu buhunan taki ne da ya ɗinke da kansa. Muna sauka ya tuɓe takalmi ya rataya a wuya.

"Kawu, akwai ƙaya fa."

"Ƙafa tana warkewa da kanta. Ka taɓa ganin takalmi ya warke?"

Da la'asar ya tsaya cak, ya nuna da sanda. Na duba, na sake dubawa. Ƙasa ce ta ɗan kumbura, kamar an rufe ƙwarya da tabarma. Ya sa na rage sauri, da muka kai rabi ya ce, "Zauna. Nan ake hutawa, kar jiri ya ɗebe ka." Muna zaune sai ga wata mai nono, ƙwarya a ka, goyo a baya. Ta ce, "Sannunku da hutawa," ta haye, ta gangara ɗaya gefen, ko ƙwaryar ba ta dafa ba.

Kawu ya bi ta da kallo. "Ita ta saba," in ji shi.

Da safe ya dafa shayi, ya jera kofunan nan duka, mu biyu. Ya nuna min wani fili da ciyawar kachalla ta cinye.

"Can rugarmu take. A nan Buba ya ɗaure maruƙa. A nan Sambo ya yi kiran salla, ruwa yana jinsa. Matata, goggonka, a nan ta hura wuta." Ya juya kofin hannunsa. "Duk waɗanda ruwa ya tara mu a nan, ni kaɗai na rage. In na tafi, wa zai riƙa cewa nan ya fi ko'ina?"

Na buɗe baki zan yi magana. Ya ce, "Bari, Malam Shiru. Shirunka ya fi alkawarinsu."

Da damina ya rasu. Da rani ya zagayo na je majalisa, na yi shela. Aka ce, "In sha Allahu, Malam Shiru." Na ɗauki kofunan Kawu na tafi ni kaɗai, da takalmina a ƙafa, don wannan kam ban gada ba. A rabin tudu na zauna. Can sai ga mai nono.

"Ina tsohon?"

Na gaya mata. Ta sauke ƙwarya, ta zauna gefe.

"Allah sarki. Shi kaɗai yake sa na ji kamar na hau wani abu."

Na zuba mata shayi a kofin Alhaji Bukar.

Allah Ya jiƙan Kawu Manu, Ya hau da shi inda ya fi ko'ina tsawo a Aljanna, ya tarar da su Buba suna jiransa, kowa da kofinsa. Amin.