Kaka Ponda Ya Gama Tunaninsa Tun Ranar Talata

A'a, ku dakata. Tun jiya nake karanta abin da kuke rubutawa a ƙarƙashin hoton da na saka, kuma dukkanku kun kauce. Masu cewa nawarsa ce ta jawo, wai mutum sai ka ce kunkuru, ba ku san shi ba. Masu cewa a ƙyale dattijo, mai zurfin tunani ne, irinsu sun ƙare, ku kun ma fi ba ni haushi, don shi da kansa ya ce kada wanda ya sake wanke shi. Shi ya ce in rubuta. Ya ce, "Tashoy, tunda yatsunki ba sa gajiya, gaya musu yadda aka yi." To ga shi.

Ku da aka haifa a Toronto da Brooklyn, da ba ku san shi ba sai a hoto, sunansa Hezekiah Dacres, ƙanen kakata Miss Icilda. Amma ka hau tudunmu na Portland ka tambayi Hezekiah, ba wanda zai nuna maka gidan. Ponda muka sani.

Sunan daga makarantar firamare ya samo shi. Malaminsu ya rubuta kalmar Turanci "ponder" a allo, ya ce mutane sun ɗauka zaman tagumi take nufi, alhali Turawan da can suna faɗinta ne in mutum ya ɗauki abu a hannu ya ji nauyinsa kafin ya yanke masa daraja. Yaro ya riƙe. Washegari malam ya tashe shi ya tambaye shi lissafi, shi kuwa ya buɗe tafukan hannu ya ce, "Malam, bari in yi ponda." Ya sha bulala, ya kuma samu suna. Da ya girma sai ga shi a bakin sikeli a wurin awon ayaba, har ranar da aka rufe wurin. A coci in an faɗi kalmar, ana nufin ka ɓoye magana a zuciya kana juya ta. Mu 'yan yanzu mun mayar da ita hanyar zillewa. Saurayi ya nemi lambata in ce zan yi ponda, ai ya san ya kama gabansa. Shi kaɗai ya rage a tudun nan da in ya faɗe ta, awo yake nufi.

Kowa ya san yadda yake yi. Ka kawo masa magana, ya cire malafa ya ɗora a gwiwa, ya buɗe hannuwa kamar an ɗora masa doya a kowanne, ya ce, "Bari in auna." Daga nan ya tafi ɗaure awakinsa. Amsar sai ta same ka wata rana a layin tasi, bayan kai har ka manta ka yi tambaya. A teburin wasan domino ba mai son haɗa hannu da shi. "Ponda, ka saka ko mu je mu yi girbi mu dawo?" Har yau ana ba da labarin Miss Pearline, da ta gaji ta tare shi ta ce aurenta zai yi ko a'a. Ya ce bari ya auna. Ranar da ya zo da amsa, da goyonta ta fito, ɗan direban bas. Aka ce ya cire malafa ya ce, "To, dama a'a na zo faɗa." Bai taɓa aure ba.

Abin da yawancinku ba ku sani ba, Kaka Icilda ce ta raine shi. Uwarsu ta hau jirgin ruwa zuwa Ingila neman aiki, ta ce za ta aiko a ɗauke su, ba ta aiko ba. Kakata ko ƙirjin kirki ba ta yi ba ta zama uwa. Ta yi wankau, ta yi dakon ayaba, ta ciyar da shi. Da mijinta ya rasu, 'ya'yanta suka watse ƙasashen waje, sai ya dawo ɗakin baya na gidanta. A hannunsu su biyu na tashi, don ni ma uwata a waya na san ta, da gangar kaya da take aikowa duk Kirsimeti.

Kan Kaka Icilda ya fara tafiya a hankali. Gishiri a shayin koko. Shigar coci ranar Alhamis. Uwata ta kira ta a bidiyo, tsohuwa ta leƙa wayar ta ce, "Wace ce wannan mai surutun?" Ni ma ta daina gane ni. Shi kaɗai ta riƙe, amma ba tsohon da ke gabanta take gani ba, ƙanenta take gani, yaro mai gajeren wando. "Kiah, ka wanke ƙafarka?" Shi kuma da furfurarsa ya ce, "Na wanke, Yaya." Shi ke dafa mata, shi ke wanke zanin gadonta, shi ke bin ta in ta nufi rafi. Ta taɓa cizonsa a hannu har ya yi jini. Ni ina babban birni Kingston ina amsa wayar Turawan da intanet ɗinsu ya lalace, sai ƙarshen wata nake leƙowa.

Watan jiya ta faɗa kwarin bayan gida, ta fasa goshi. Ranar Lahadi aka haɗa kiran dangi ta bidiyo. Uwata Verona daga Toronto, Kawu Lascelles daga Brooklyn, da sauran 'yan uwa kowa a ɗan akwatinsa a fuskar waya, ni na riƙe wa Kaka Ponda waya.

Uwata ta ce, "Kawu, tsakaninka da Allah, za ka iya ci gaba? Akwai ɗaki a gidan kula da tsofaffi na bakin teku, mai tsabta, da nas. In ba mu karɓa kafin ƙarshen mako ba, wani za a ba."

Ya cire malafa. Ya ce, "Bari in auna."

Kawu Lascelles ya kwashe da dariya. "Shi ke nan, Verona, mu haɗu a Kirsimeti."

"Kai ka yi shiru, mai tumbi," in ji uwata. "Kawu, don Allah kada ka daɗe."

Litinin shiru. Talata shiru. Yana da WhatsApp, yana jin duk saƙon muryar da aka tura, amma bai taɓa tura ko ɗaya ba a rayuwarsa. Ranar Laraba ni sarkin sauri na buɗe ƙuri'a a gurup ɗin gida, a kai ta ko a bar ta. Kafin in gama cin abincin rana kowa ya danna. Muka ce ai shirunsa amsa ce, tsoho ya gaji, kunya ce ta hana shi faɗa. Ranar Juma'a aka zo da mota. Kaka Ponda ne ya ɗauko akwatinta da kansa, ya gyara mata ɗankwali.

Sai ta daina cin abinci.

Ma'aikatan gidan sun yi iya yinsu, kada wanda ya zage su a nan. Kunun masara, romon kaza, ayaba da kifin gishiri, duk sun gwada. Ta ture kwano ta ce, "Kiah ya ci?" Suka yi ta tambayar juna ko kyanwarta ce. Da na iso daga Kingston na ga yadda wuyanta ya rame, sai da na koma baranda na zauna. Ina nan zaune Kaka Ponda ya shigo yana jan ƙafa, daga tasi. Bai ko gaishe ni ba, na bi bayansa. Ya zauna a gefen gadonta, ya ja kwanon kunu, ya ɗauki cokali ya fara sha.

Ta zuba masa ido. Ya ce, "Yaya, na ƙoshi."

Ta miƙa hannu ta danna cikinsa. "Ƙarya kake, ɗan banza. Ƙara."

Ya ƙara. Sannan ta karɓi cokalin ta shanye sauran, har da lashe baki.

Ashe tun suna yara haka take. Abinci ba ya isa, ba ta sa loma a baki sai ta ga ya ƙoshi. Duk abin duniya ya goge a kanta, wannan ya ƙi gogewa. Shekarun nan da muke tura mata magani da bitamin, a kwano ɗaya suke ci, shi ke fara ci. Ba wanda ya sani sai shi. Yanzu kullum sai ya sauko tudu a tasi ya ci a gabanta. Ranar da ruwa ya cinye hanya, ko gwiwarsa ta ƙi, ranar ba ta ci.

A bakin titi muna jiran mota na fashe. Na ce, "Kaka, ka yafe mana. Mu muka yi maka gaggawa. Da mun bari ka gama tunaninka..."

Ya ce, "Na gama tun ranar Talata."

Na ce, "Me?"

"Ina ɗaure baƙar akuyar nan na gama. Na ɗora gajiyata a hannu ɗaya, na ɗora cikin Yaya a ɗayan. Ko kusa ba su yi ba. Na san in ta tafi ba za ta ci ba. Amsar ita ce a bar ta." Ya juya malafar a hannunsa. "Wayar tana aljihuna. Ina jin tana ƙara, kuna ta danne-dannenku. Sai na ce a raina, ai sun san ni da nawa. In na ƙara kwana biyu ba wanda zai ce komai. Su yanke, ni ban yanke ba."

Na ce, "Ai ka gaji ne, Kaka. Kowa zai..."

"Ke rufe min baki, 'yar nan. Kada ki wanke ni." Bai ɗaga murya ba. "Ranar da aka tafi da ita na yi barci har rana ta dake ni a fuska, awaki suna ta kuka. Kin san abin da ya fi? Ya yi daɗi. Barcin ya yi min daɗi, Tashoy. Ita kuwa tana can tana tambaya ko na ci. Duk rayuwata mutane suna min dariya ina cewa ba komai, awo nake. Sau ɗaya aka ba ni abu mai nauyi na gaske, na auna daidai, na ɓoye sakamakon a aljihu."

Tasi ta zo ta wuce, ba mu tsayar ba.

Shekaranjiya ya kira ni ya ce in nuna masa inda ake dannawa. Ku da ke gurup ɗin kun ji, saƙon muryarsa na farko a duniya. Ga waɗanda ba sa ciki, ga abin da ya ce. A dawo masa da Yayarsa gida. Zai ci gaba da ci da ita har ɗayansu ya tafi. Amma ba zai sake yin ƙaryar cewa zai iya shi kaɗai ba, don ƙaryar ce ta kai shi ga yin shiru. Yana son wanda zai kwana da ita wasu ranaku ya samu ya runtsa, da mace da za ta riƙa yi mata wanka, da wanda zai kewaye kwarin nan. Ya rufe da cewa, "Na auna, wannan ce amsata, kuma yau na gama yau na faɗa."

Kun san me ya biyo baya? Kowa ya saurara, alamar ta yi shuɗi a gaban sunan kowa. Kawu Lascelles mai dariyar Kirsimeti ya turo hoton hannuwa biyu suna addu'a. Uwata, da nake ƙauna, ta rubuta, "Maganar babba ce, bari mu yi ponda a kai." Mutanen da suka yanke wa Kaka Icilda hukunci kafin shinkafata ta huce, yau su ne masu zurfin tunani.

Ni na karɓi Asabar da Lahadi, na riga na gaya wa shugabata a wurin aiki, ta ɓata rai ta gama. Miss Dell maƙwabciyarmu ta ce wanka nata ne, ko a gurup ɗin ba ta. Saura ku. An ce gobe akwai ruwa, kuma kun san yadda hanyar tudu take in an yi ruwa.

Don haka kada wanda ya sake saka min zuciya ko fuskar kuka a ƙarƙashin rubutun nan. Mama, Kawu Lascelles, da ku 'yan uwan da ke Port Antonio, tafiyar tasi ɗaya, da kuka danna ƙuri'a da sauri, da ku mutanen coci da kuka ci gurasar Miss Icilda shekara da shekaru, ku buɗe baki. Wanda zai zo ya faɗi ranarsa. Wanda zai yi hutu ya taho ya faɗi watan. Wanda ba zai iya ba ya ce ba zan iya ba, da sunansa, kowa ya gani, ba zan zage shi ba. Abu ɗaya ne ba zan karɓa ba, kada wanda ya ce min yana tunani. Kun gama tunanin, na san kun gama. Ku faɗa.