Addu'ar Tafiya a Masallacin Faru

Sanarwar ta zo mini ne ta hannun wani tsohon malamina na jami'a, lokacin ina koyar da ilimin noma a wata sakandare a Talata Mafara. Wata jami'a ce a Turai take neman masu bincike daga ƙasashen da yaƙi ya hana su aiki, su je su yi 'yan watanni a ɗakin gwajinta, a ba su kuɗin jirgi da masauki. Na daɗe ina kallon kalmar yaƙin nan. Ban san ko abin da muke ciki ya kai a kira shi haka ba, kuma har yau ban tabbata ba. Ana cin kasuwa ranar Talata, ana ɗaurin aure, yara suna zuwa makaranta in ba a rufe ta ba. Sai dai akwai hanyoyin da ba a bi bayan la'asar, da ƙauyukan da ba a kwana cikinsu. Malamin ya ce in nema kawai, in bar musu su yanke.

Aikina a kan ƙasar noma ne. A wasu gonakin rani na Morai da Dakko ƙasa takan yi fari-fari kamar an barbaɗa mata kanwa, shuka ta tsaya ta ƙi girma. Ina so in san ko gishiri ne yake taruwa, da yadda za a tare shi. Na'urar da za ta auna wannan babu ita kusa da mu, kuma rabin gonakin da nake ɗibar ƙasa a cikinsu sun daina shiguwa saboda mutanen daji, wato 'yan bindiga. Abin da na rubuta musu ke nan, ban ƙara ba. Da amsa ta zo cewa an ɗauke ni, ban ji farin cikin da na zata zan ji ba.

Yayana na fara faɗa wa. Yana da shagon taki da maganin feshi a kasuwa, kuma ya fi ni sanin yadda labari yake tafiya. Ya ja ni can ƙuryar shagon, bayan buhuna, ya ce kada kowa ya ji. A wurinmu duk wanda ya hau jirgi ya fita waje mai kuɗi ne, ko da burodi da ruwan shayi zai rayu a can. Mutanen daji kuma suna da kunne a kowane gari, kuma ba ni za su nema ba, tunda ni ina cikin gari. Baba za su nema, wanda yake zaune a ƙauyenmu Faru shi da gonarsa tun bayan rasuwar mahaifiyarmu. Shawarar Yaya ita ce in tafi, sai na sauka in kira Baba a waya.

Na yi ta juya maganar, na kasa yarda. Ban taɓa zuwa ko Gusau ba, ba tare da na durƙusa gaban Baba ya sa mini albarka ba. Ta yaya zan tsallake teku ya ji labari daga baya? Yaya ya ce, "To, Malam ɗan boko, kai ka san gishirin ƙasa, ni na san mutane. Je ka."

Na hau kabu-kabu da sassafe zuwa Faru. Ban yi maganar a zaure ba, saboda masu shigowa gaisuwa. Na bari sai da muka fita gona, na ce ina son ɗibar ƙasa, wanda kuma gaskiya ne. Dawa ta fara fitar da kai a lokacin, ta fi mu tsawo. A cikinta, ina durƙushe ina zuba ƙasa a leda, na faɗa masa, na kuma roƙe shi ya riƙe abin a ransa. Ya ɗora hannu a kaina ya yi addu'a mai tsawo.

"Ba ni hwaɗa ma kowa," in ji shi. "Tahi lahiya."

Na yarda da shi, kuma har yanzu ban ce ya karya alkawari ba, don a ganinsa bai karya ba. A Faru, in mutum zai yi tafiya mai nisa, aikin hajji ne ko ci-rani, ana kai sunansa wurin liman. Bayan sallar Juma'a a ambace shi, a yi masa Fatiha, a raba masa ko ƙuli-ƙuli sadaka. Baba ya yi wa Yaya haka, ya yi mini lokacin da zan tafi jami'a. Liman abokinsa ne tun suna yara. A wurin Baba, kai wa liman suna ba ba da labari ba ne, haƙƙin matafiyi ne, barinsa kuma sakaci da ran ɗa. Ni kuwa ban tuna da wannan ba sam, ina ta tunanin zaure da maƙwabta. Ranar Juma'a liman ya miƙe ya ce ɗan wane zai tafi ƙasar Turawa neman ilimi, a taya shi da addu'a. Masallaci cike, har da baƙin da suka shigo daga ƙauyukan gefe.

Talatar da ta biyo baya Baba ya shigo kasuwa ya sauka a shagon Yaya. Cikin hira, kamar ba wani abu ba, ya ce wasu mutum biyu a kan babur sun tsaya masa a bakin gona, fuskokinsu naɗe da rawani. Sun yi gaisuwa cikakkiya, sun tambayi gida da iyali da gajiya, sun roƙi ruwa ya ba su. Sun tambayi yaushe zai yanke dawa. Da za su tashi ɗaya ya ce, "Baban mai zuwa Turai, sannu da aiki."

Iyakar abin da ya faru ke nan. Wataƙila masu wucewa ne da suka yi sallah a masallacin. Wataƙila ba haka ba ne. Na ce wa Yaya zan fasa tafiyar. Ya ce fasawa ba ta goge abin da aka ji, kuma ba wanda zai yarda an ba mutum jirgi ya ƙi hawa. Abin da ya rage shi ne a ɗauke Baba daga Faru.

Baba ya ƙi. Ya ce dawa ba ta nuna ba, ya ce kabarin matarsa yana can, ya ce mutanen ruwa kawai suka sha. Yaya ya ɗaga murya, abin da ban taɓa jin ya yi a gabansa ba. Baba ya dube shi ya dube ni.

"Addu'a niy yi ma ɗana," in ji shi. "Yaushe addu'a taz zama laihi?"

Ya koma Faru ranar. Amma kafin wata Talatar ya dawo da kansa, da tabarmarsa da butarsa da Alƙur'aninsa a jakar fata. Bai faɗi abin da ya canza masa shawara ba, mu ma ba mu tambaya ba. Ya bar wa wani maƙwabci dawar su raba. Maƙwabcin ya yanke gefen da ke kusa da gari, ya ce can ciki bai iya shiga.

Na tafi. Mutanen can sun karɓe ni da mutunci, ba ni da abin cewa a kansu. Sukan tambaye ni labarin yaƙin ƙasarmu, in rasa ta inda zan fara, in ce da sauƙi. Na'urarsu ta gama a safiya ɗaya abin da na yi shekaru ina jira. Ƙasar Morai da ta Dakko akwai gishiri, kamar yadda na yi zato, ko da yake samfurin bai isa in yi magana da ƙarfi ba. In na kira gida, Yaya yakan ce Baba yana nan a ɗakin baya, yana fita sallah ya dawo, ba ya cin abinci sosai.

Da na dawo na tarar ya rame. Damina ta kusa, kuma ba a maganar komawa Faru, don maƙwabcin ma ya taso da iyalinsa. Bayan mun gama gaisawa, Baba ya tambaye ni ko Turawan sun auna ƙasar gonarsa, wadda na ɗiba a gabansa. Na ce sun auna.

"Mi sunka gani?"

Na faɗa masa gaskiya, cewa duk cikin ledojin da na kai tasa ce ta fi lafiya. Ba gishiri, ba wani ciwo, taki kaɗan take so, za ta yi shekaru tana ba da dawa.

Ya gyaɗa kai. Ya ce dama ya sani. Sannan ya jawo butarsa ya fita alwala, ko da yake da sauran lokaci kafin a kira sallah.