Hoton da Ba a Taɓa Nuna Mana Ba

Ko da zan manta komai a duniya, ba zan manta farkon daminar da muka rasa Baba ba.

Autarmu ce mai ƙoƙarin gida. A makarantarmu ta Gagarawa littafi ɗaya ne, yana hannun malam, ya karanta mu maimaita. Ita kuwa sau ɗaya in ta ji ya zauna, har rediyo muke ce mata. Darasin alamomin haɗari ma ta haddace shi tsaf, amma ba wanda ya taɓa zana mana ko ɗaya a allo, balle a ce mu duba mu faɗi abin da muka gani.

Wata Alhamis Baba ya dawo daga kasuwar Maigatari da ƙunshi biyu a leda: garin maganin ciwon gaɓoɓi, da wanda ake cuɗa iri da shi kafin shuka. Duka daga Nijar suka fito, rubutunsu Faransanci. Washegari ya dawo gona dafe da ƙugu, ya ce, "Auta, dama mini maganin nan, ke ce mai karatu."

Ina surfe na ji ihu. Na tarar da Baba a zaure yana ta kumfa. An samo mota a tasha, amma kafin mu shiga Gumel rai ya yi halinsa.

Ma'aikacin asibiti ya karɓi takardar ƙunshin, ya sa yatsa kan wani ɗan hoto, ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu a gicciye. "Ba ku ga wannan ba? Guba ce."

Auta ta ce, "Yaya, wallahi na gani. Da na ga ƙasusuwa sai na ce shi ne na ciwon ƙashi."

Ni ma da ni aka sa, shi ɗin zan dama.

Ba ta sake komawa aji ba, har yau ko ruwa ba ta yarda ta miƙa wa mutum. 'Ya'yana suna makarantar nan yanzu, ina jiyo su suna rera darasi da ƙarfi, raina ya yi ta ɓaci, don ban ga alamar za a gyara ba. Abin da na koya shi ne ido ma sai an koya masa gani. Mu kunne kawai aka koya wa, kuma Baba ne ya tafi a kai.